Raunin da Ba Ya Zubar da Jini: Tarihin Binciken Firgitar Yaƙi

A Yaƙin Duniya na Ɗaya asibitocin sojan Ingila sun cika da samarin da harsashi bai taɓa su ba, amma wani baki ya ƙi buɗuwa, wani ya manta ko shi wane ne, wani kuwa sai makyarkyata dare da rana. A 1915 likita Charles Myers ya kawo bayanin irinsu a mujallar Lancet, aka yi ta zaton ƙarar bama-bamai ce ta girgiza musu ƙwaƙwalwa. Hafsoshi da yawa kuwa ragwantaka suka ɗauke shi. An harbe sojoji 306 bisa laifin gudun fagen fama da makamantansa, ba a yi musu afuwa ba sai 2006. A asibitin Craiglockhart ne W.H.R. Rivers ya gwada wata hanya: ya zauna da soja, ya bar shi ya amayar da abin da ya gani, maimakon a ce masa ya danne.

Duk wannan a kan soja ake magana. Cikin waɗanda suka fara juyo da ido kan talaka akwai Frantz Fanon, wanda ya kama aiki a asibitin Blida na Aljeriya a 1953. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, ya duba waɗanda aka gana wa azaba, ya kuma duba ɗan sandan Faransa mai gana azabar, ya tarar shi ma barci ya ƙaurace masa.

Sai a 1980, bayan tsoffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam sun matsa lamba, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon cikin kundinta da sunan PTSD. Alamominsa sanannu ne ga duk wanda ya zauna da ɗan gudun hijira: mugun mafarki, razana da ƙaramin motsi, ƙin kusantar duk abin da zai tuno da ranar. Shekara guda bayan haka Richard Mollica ya buɗe asibiti a Boston don waɗanda suka tsero daga Kambodiya da maƙwabtanta. Daga baya tawagarsa ta shiga sansanin 'yan gudun hijira da ke iyakar Tailan tana tambaya gida-gida, abin da ya nuna ana iya auna wannan ciwo a cikin jama'a.

Bayan yaƙin Bosniya da kisan kiyashin Ruwanda na 1994, ƙungiyoyin agaji sun yi ta kwararowa da masu ba da shawara. A 1999 Derek Summerfield ya tsawata, ya ce ba daidai ba ne a mai da al'umma guda marasa lafiya alhali abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne gona, matsuguni, makarantar yara da adalci. Sukar ta yi amfani. Ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2007 sun sa tsaro da abinci a ƙasa, sai dangi da al'umma, ƙwararren likita kuma a can sama don ƙalilan ɗin da ciwon ya yi wa tsanani.

Daga nan bincike ya koma kan tambaya mai nauyi: wa zai yi maganin inda babu likita? A Uganda, Frank Neuner da abokan aikinsa sun gwada a kan 'yan gudun hijirar Sudan hanyar da mutum ke jero labarin rayuwarsa daki-daki. A gabashin Kongo, binciken Judith Bass na 2013 ya nuna matan da aka yi wa fyaɗe sun sami sauƙi sosai a zaman rukuni ƙarƙashin ma'aikatan yankinsu. A Peshawar, a 2016, zama 5 kacal da ma'aikaci mai ɗan gajeren horo ya rage damuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya sauke majinyata a ƙauyen Aro tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Yau kuwa, tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri na ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa, ga kuma rikicin Zamfara da Katsina da Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka a takarda ba ta jinya. Abin da ya rage shi ne a horar da ungozomomi, malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin shan magani, a kuma sa jami'o'inmu su yi binciken da Hausa da Kanuri da Fulatanci, domin a ji ciwon daga bakin masu shi.