Tallafi

tallafi suna, namiji. Daga aikatau *tallafa*.

1. Sa hannu ƙarƙashin abu don kada ya faɗi.

2. Riƙon ɗan wani. *Ɗan tallafi ne a gidan.*

3. A harkar tattalin arziki: kuɗi ko kayan aiki da gwamnati ke ware wa sana'ar da kasuwarta ta tsaya, daga baitulmali ko daga rancen hukumomin duniya. Yakan zo a matsayin iri, taki, injin ban ruwa ko jari. *Manoman fadamar Gummi sun karɓi tallafin taki.*

Buƙatar irin wannan tallafi ta ƙaru a yammacin Zamfara a 2019, lokacin da aka hana haƙar zinariya a watan Afrilu, abin da ya taɓa Anka da Bukkuyum, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta. A Disambar 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 don shirin NG-CARES, wanda jihohi suka raba wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa bayan annobar korona. Wanda ya karɓa ba ya biya, amma bashin yana wuyan gwamnati.