Kakarmu da Tukunyar Kokonta a Zangon Kumasi

Idan dattawan Zangon Kumasi suka zauna ba da labarin da, bisa al'ada sunayen maza ne ke fitowa daga bakinsu: sarakunan zango irin su Malam Sallau Bakatsine da Alhaji Amadu Baba, da malaman zaure waɗanda suka karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala, da attajiran goro waɗanda huhunansu ya kai Kano da Sakkwato. Amma a ganina, wanda ya so ya san yadda aka yi gidajenmu suka tsaya daram alhali an tuɓe sarakuna, fatauci ya karye, gwamnatoci sun zo sun shuɗe, to lalle sai ya yi sallama ya shiga cikin gida, ya nemi labarin matan nan da ke hura wuta tun ladan bai kira assalatu ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce kakarmu wadda ta haifi mahaifinmu, Allah ya jiƙanta, ya kyautata makwancinta, kuma saboda jikoki da tattaɓa-kunne da suka warwatsu a duniya nake rubuta wannan.

Mutanen zamaninta ba su ajiye takardar haihuwa, sai dai su ɗaura lissafi a kan wani babban al'amari. Ita kuwa an haife ta a Tsohon Zango shekarar da Turawa suka bar Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ya komo daga tsibirin Seshel, watau 1924. Mahaifinta asalinsa Bakano ne, ɗan gidan fataucin Gwanja, wanda iyayensa suka zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, jama'a suka fantsama, waɗansu suka nufi Kete Karaci inda Alhaji Umaru ya yi zamansa na karantarwa, waɗansu Kintampo, waɗansu kuma suka gangaro Kumasi bayan Ingilishi sun shige ta a 1896. Mahaifiyarta 'yar Dagwamba ce. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai goro ya fara barin hanyar ayari da jakai, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau dogo zuwa Kano. Saboda haka ta buɗe ido ne a gidan da ba a raba shi da kwanduna da ganyen naɗi, inda maza ke ciniki a zaure, mata kuwa suna tsakar gida suna ɓare goro, suna wankewa, suna tsince mai tsutsa daga lafiyayye. A nan ta koyi ƙirga, kuma har ta tsufa ba a taɓa cin ta ko kwabo a lissafi ba, ko da yake iyakar karatunta allo ne.

Aka yi mata aure tana yarinya, aka kai ta Aboabo gidan kakanmu, wani dillalin goro Bakatsine, mutum mai kirki amma wanda samunsa ke bin damina da rani. Ba ta jima ba ta gane cewa gidan da ya dogara ga la'adar dillali kaɗai wata rana zai kwana da yunwa, don haka ta sayar da kwano biyu daga kayan ɗakinta ta kafa tukunyar koko. Wanda bai ga aikin nan da idonsa ba yana iya raina shi. Sai an jiƙa gero, a niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da barkono, a tace, a bar gasara ta kwanta har ta yi tsami. Sai an surfa wake, a niƙa shi a kan dutse, domin injin niƙa bai wadata ba tukuna, a buga ƙullun da hannu har ya tashi. Sa'an nan a farka cikin sulusin dare na ƙarshe a dama koko, a soya ƙosai, ta yadda masu fitowa daga sallar Asuba da leburori masu sammakon zuwa Kejetia za su tarar da shi da zafinsa. Tana ƙuruciya 'ya'yanta mata ke kai talla. Da girma ya zo sai ta kafa benci a ƙofar gida. Da ribar nan ake biyan kuɗin Laraba na makarantar allo, da ita ake zubin adashi, da ita aka yi wa 'ya'ya mata gara.

Siyasa ta shigo zango da zafinta gab da samun mulkin kai, jama'a suka rabu tsakanin masu bin Nkuruma da masu bin jam'iyyar Musulmi wadda ta haɗa kai da Tonawa, watau mutanen Asante, har a watan Agusta na 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya. Maƙwabta suka daina gaisawa, amma kowane ɓangare a bencinta yake karya kumallo, kuma ta hana a yi mata zancen jam'iyya a kan kaskonta.

Jarrabawa mafi girma ta zo ranar 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba, suka wayi gari ana kiransu baƙi; Yarbawa suka bar rumfunansu a babbar kasuwa, aka yi ta sayar da gidaje da arahar banza. Kakanmu ya hau mota da babban ɗansa suka bi ta Togo da Dahome, ya so kuma a sayar da gidan a tafi gaba ɗaya. A nan ne, in ji waɗanda suka halarta, matar da ba ta taɓa yi masa musu a gaban mutane ba ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini gafara, nan aka binne cibiyata, nan kabarin iyayena yake, ka je Allah ya kiyaye hanya, za ka dawo ka sami gidanka." Ta zauna da ƙananan yara, 'yan'uwan mahaifiyarta suka tsaya mata, kuma bayan sojoji sun kifar da Busiya a 1972 kakanmu ya dawo ya tarar da gidan, har da ƙarin ɗaki guda na haya.

Sa'an nan aka shiga zamanin Rolins, lokacin da ake bulale matan kasuwa a kan ƙayyade farashi, aka rushe kasuwar Makola a 1979. Sai ga 1983, shekarar fari da gobarar daji, wadda a cikinta Nijeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan guda. Samarin da suka tafi ci-rani Agege suka dawo hannu rabbana, gero ya yi wuyar gani, ta koma dama koko da masarar agaji mai ruwan ɗorawa, kuma ba ta tambayi ko ɗan wane ne ba kafin ta miƙa ludayi. Bayan an sami sauƙi, da kuɗin adashinta ta sauke farali, ta komo da haƙorin Makka da likkafanin da ta wanke da zamzam ta ajiye a ƙasan akwati.

Mu jikoki a wannan zamani muka san ta, tana zaune a kan buzu da tasbaha, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda kunya, amma mu ba ta raga mana. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane? To ni kam zan kai ƙara wurin liman." In na ce, "Hajiya, ai kin tsufa, amarya zan yi," sai ta jefe ni da mafici, sa'an nan ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗin mota. Da aka canja kuɗi a 2007, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, ta ƙi yarda da sabon lissafin, ta ci gaba da ciniki da tsohon har ƙarshen ranta.

Ta rasu ta haura shekara casa'in, aka yi mata salla bayan Azahar, aka kai ta makabartar Tafo, kuma cikin masu zuwa ta'aziyya har da tsofaffin matan Asante da suka yi shekaru suna sayar mata da itace da gawayi. Da malamai suka zauna rabon gado, magada suka yafe tukunya da kasko da benci ga matar ƙanen mahaifinmu, wadda ke damawa har yau a wuri guda, sai dai yanzu a leda ake ƙullawa, waɗansu ma ta waya suke biya. Tsofaffin masu saye suna ƙorafi wai kokon bai kai na Hajiya tsami ba, kuma suna da gaskiya, domin ita Hajiya kwana biyu take barin gasararta, wannan kuwa kwana ɗaya take ba ta.