Turke da Jigo: Inda Kalmomin Feɗe Waƙa Suka Fito

A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, gidansa na ƙasa kuma yana nan tsaye a unguwar har yau. Baƙaƙen da aka koyar a can sun ba Hausa sabon rubutu, amma kalmomin auna waƙa sun riga boko zama a gari. Malamin zaure ya san baiti da ƙafiya da tahmisi, yana rarrabe Basiɗ da Kamil ta arulin Khalil ɗan Ahmad. Makaɗi kuwa yana da gindin waƙa da ɗiyanta da 'yan amshi. Sai da aka haura shekara sittin kafin jami'a ta tattara wannan gado: a 1973 Dalhatu Muhammad ya fitar da jerin kalmomin nazarin adabi a mujallar Harsunan Nijeriya da ake bugawa a Kano, Abdulƙadir Ɗangambo ya zo da Gadon Feɗe Waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya biyo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993.

Kalmomin da suka fi kama ƙasa a wannan aiki su ne waɗanda aka ɗauko daga sana'a. Jigo shi ne icen da mai lambu ke janyo ruwa da shi, ya zama abin da waƙa ta rataya a kansa. Turke, wanda Gusau ya zaɓa wa waƙar baka, ya ma fi dacewa: akuya takan yi ta kewaye, igiya na miƙewa, amma ba ta wuce inda aka kafa shi, haka Shata yakan yi nisa da zance ya komo gindi. Feɗe kuwa ta mahauta ce, sai a raba fata da nama ba tare da an huda ta ba.

Masu suka sukan ce duk wannan Turanci ne aka sa wa babbar riga, suna kafa hujja da mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Gaskiya ne waɗannan ƙirar aji ce, ba a jin su a bakin makaɗi, kuma ɗalibi yakan haddace su don jarrabawa ya manta. Sai dai hujjar ta tsaya a kansu. Turancin nazari ba shi da kalma guda da ta ɗauki ma'anar zambo, ko habaici, ko kirari, Bahaushe kuwa ya daɗe da bambanta wanda aka kama sunansa aka muzanta da wanda aka yi wa hannunka mai sanda a tsakiyar taro.