Lokacin Yanka a Fadamar Madarumfa

Tun kafin a san kabeji da salati a ƙasar Madarumfa, fadama tana da kayanta na rani. Gulbin Maraɗi yakan shigo daga ƙasar Katsina, ya cika ya batse da damina, ya zuba wa tafkinmu ruwa, sa'an nan ya janye da kaka ya bar laka mai danshi. A kan wannan laka kakanninmu suke dasa taba, su yi alkama da albasa da dankali da rogo. Mai rijiya ya kafa jigo, ya yini yana ɗebo ruwa yana kora shi komi bayan komi. Ƙarfin gulbin a wancan zamani ba na wasa ba ne, don ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga cikin kwari, aka mai da shi kan tudun da yake a yau.

Taba ce mai kawo kuɗi, kuma ita ta koya wa mutanenmu cewa shuka daban, sanin ranar cirewa daban. Kakana ya tsufa a cikinta. Da sassafe yakan bi layi yana farawa daga ganyen ƙasa, don shi ke riga na sama nuna. Ya kama ganye ya murza, ya ji ko ya yi kauri ya fara danƙo, ya duba ko korensa ya soma ɗigon rawaya. In ya lanƙwasa jijiyar ta karye ƙas, to ya yi. "Kai jika, bar kallon tsawonta," yake ce mini, "hannu ke gaya maka." Wanda ya yi gaggawa, tabarsa ta bushe kore ba ƙamshi. Wanda ya yi jinkiri, ta yi shara-shara ta marmashe tun kafin ta kai kasuwa. Furenta ma da masu saye, mata na goge haƙora da shi bayan sun ci goro.

Salati da karas da kabeji sun shigo ne da Turawan Faransa, suka daɗe a lambunan bariki, talaka na yi musu kallon abincin ma'aikata. Yunwa ce ta fito da su fili. Bayan farin 1973, gwamnati ta kafa hukumar ONAHA a 1978 domin noman ban ruwa, kuma a farkon shekarun 1980 aka buɗe filin Jiratawa, hekta fiye da 500, da rijiyoyin burtsatse masu injin lantarki. Da damina ta sake gazawa a 1984, Shugaba Seyni Kunce ya sa ƙasa duka a gaba da maganar noman rani. Aka gina rijiyoyin siminti, aka raba iri. A wannan guguwa mahaifina ya bar taba ya koma kabeji, wanda yawancinmu a nan muke kira shu.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, ba wanda ya zaunar da Baba ya koya masa ranar yankan kabeji. Hannun da ya saba da ganyen taba shi ya ɗora a kan dunƙulen. Ya danna da babban yatsa: in ya lotsa, da saura, in ya ji shi tauri gam, sai wuƙa. Ya gane da kansa cewa in kabeji ya ƙosa aka ƙara masa ruwa, kan zai tsage, don haka yakan rage ban ruwa in yanka ya matso.

Daga baya abubuwa biyu suka sauya lissafi. Da aka gina madatsar Jibiya a kansa wajen 1990, gulbi ya rage malala kamar da, lambu ya dogara ga rijiya da injin ban ruwa mai shan fetur. Na biyu kuwa kasuwa. Kowa ya dasa lokaci ɗaya, kowa ya yanka lokaci ɗaya, a watan Fabrairu buhu ya faɗi warwas. Yau sau da yawa ranar da motar ɗan kasuwa ta tsaya bakin lambu ita ce ranar yanka, ko kai ya cika ko bai cika ba. Ban ga laifin mai lambu ba, bashin mai da na taki na wuyansa. Amma ina jin ciwon ganin samari da ke iya gyara inji cikin duhu, ba su iya gane kabejin da ya ƙosa da hannu.

Wannan ne ya sa na ɗauki ƴan komayen burokolin da ke bayan gidana da muhimmanci. Ɗan'uwan kabeji ne, asalinsa Italiya, a Jos ana nomansa don kasuwannin manyan birane, a wajenmu kuwa har yanzu baƙo ne. Shi ba ya jiran kowa. Abin da ake ci a jikinsa tarin ƙananan furanni ne da ba su buɗe ba, kuma sanyi yake so, digiri 15 zuwa 20. Mu kuwa sanyinmu daga Nuwamba ne zuwa Janairu, Afrilu na yi zafi ya haura 40. Saboda haka nakan dasa shi da zarar iskar hunturu ta taso, in fara sa ido bayan wata biyu.

Kan yakan fito a tsakiyar ganye, ƙanƙane, ya yi ta faɗi har ya kai tafin hannu ko ya ɗara. Girman ba shi ne ma'auni ba. Ƙwayoyin ake dubawa: su zama ƙanana, a matse da juna, kore shar mai duhu. Ranar da suka fara kumbura suna rabuwa, ko aka hango rawaya ko da ɗigo ɗaya ce a gefe, ranar ce ta ƙarshe, don in rana ta yi zafi kwana biyu sun isa ya buɗe fure, ya yi ɗaci, ƙudan zuma su gaje shi. Da asuba nake yanka, kafin rana ta taɓa shi, in bar kara kamar tsawon yatsa biyu a haɗe da kan, in karkata wuƙar don kada ruwa ya kwanta a kututturen ya ruɓe. Ba a tuge uwar. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙananan kawuna su tsiro ta hammatar ganye, a yi ta tsinka, kuma su ma da wannan idon ake binsu.

Uwargidana takan turara shi kaɗan, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tonka yadda ake yi wa zogale, yara su cinye. Maƙwabta biyu sun karɓi iri bana. Na roƙe su abu ɗaya, su riƙa leƙa komin kowace safiya da zarar kai ya fito. Da shigowar Maris ƙananan kawunan kan fara furewa tun suna kamar goro, sai in tuge karan in zuba wa tumaki, in gyara wurin in sa kuɓewa.