Ɗaurin bututun maniyyi

ɗaurin bututun maniyyi (suna, namiji): ƙaramar tiyata ta kimanin minti 20, inda likita ke yanke bututu biyu masu ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga marainan namiji, ya ɗaure. Ba dandaƙa ba ce. Sha'awa da ƙarfin namiji suna nan. Sai bayan kimanin wata 3 ƙwayoyin ke ƙarewa a cikin maniyyi, kuma da wuya a kwance ɗaurin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta hana yanke haihuwa sai da larura, ta halatta tazarar haihuwa bisa yardar ma'aurata. A ƙauyuka da dama, izinin zuwa asibiti yana hannun maigida, don haka nauyin sanin wannan tiyata da hukuncinta yana wuyansa. *Maigida, ko kyauta ne, mu nemi shawarar malam da likita tukuna.*