Daga Gurbin Dara Zuwa Fagen Gawakuke

Duk wanda ya taɓa yin rani a Wurno ko Raba ko Goronyo, bayan an kwashe albasa da tafarnuwa daga fadama, ya san inda ake samun dattawa da la'asar sakaliya. Suna gindin bishiya, an tona gurabe 30 a ƙasa, jeri biyar a shida, mutum biyu sun duƙa, ɗaya da tsinke 12, ɗaya da tsakuwa 12, 'yan kallo kuwa sun fi masu wasan zafin rai. Da farko kowa zai riƙa dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ya jera uku ba tun a wajen dashe. In an gama dasawa sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Gwani shi ne wanda ya kafa doki, wato ya shirya 'ya'yansa yadda duk motsin da ya yi sai ya ci. Wanda kuwa ya yi wa wani tarko ya faɗa ciki da kansa, shi ne ya ba mu karin maganar nan da kowa ya sani, dara ta ci gida.

Na taɓa tsayawa a irin wannan da'ira a Wurno ina yaro, na ga wani tsoho ya daɗe bai motsa ba, sai na yi karambani na nuna masa gurbi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, wanda ya fita yaƙi da gaggawa, matarsa ka shiga takaba." Tun daga ranar na san cewa a wurin waɗannan mutane dara yaƙi ce. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, yaƙi ce wadda ba ta da suna, ba ta da shekara, ba ta da ƙasa. Rundunonin biyu daidai suke, babu mai doki babu mai baka, babu gulbi babu tudu, kuma babu wanda ƙishirwa take kamawa.

Haka ma shaɗaranji yake, wanda ya iso fadar Barno aka kira shi tsatsarandi, aka kuma sa wa 'ya'yansa sarautun ƙasar, irin su mai da ciroma da kaigama. Turawan mulki biyu, C. K. Meek a 1934 da P. G. Harris a 1939, sun rubuta bayaninsa a mujallar Man ta Ingila. Malamanmu dai ba su ɓata tawada a kan irin waɗannan wasanni ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, domin ta hana wasan nardi da shaɗaranji. Saboda haka hikimar dara ta zauna a baki da yatsu, in gwani ya mutu ta bi shi.

To, a wata nahiyar kuma abin ya bi wata hanya dabam, kuma ita ce nake so 'yan uwa marubuta su duba tare da ni. A 1824 wani hafsan soja na ƙasar Purusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Jamus, mai suna Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙago, ya nuna wa shugaban hafsoshi Janar Müffling. Ya watsar da allon murabba'ai ya shimfiɗa taswirar ƙasa ta gaske, mai tuddai da koguna, ya sa 'yan ƙarafa ja da shuɗi a madadin rundunoni, sannan ya zaunar da alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ke ganin komai. Janar ɗin ya ga abin ya wuce wasa, ya yaba shi a mujallar soja ta mako-mako, ya ce a koyar da shi ga hafsoshi. Da Purusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashen Turai suka ruga kwaikwayo.

Fitowar abin daga bariki zuwa ɗakunan farar hula ta ɗauki lokaci. Marubucin Ingila H. G. Wells ya buga ƙa'idojin wasa da 'yan sojan dalma a 1913, amma wanda ya mai da shi kasuwa shi ne Charles Roberts na Amurka, da wasansa Tactics a 1954. A 1958 kamfaninsa Avalon Hill ya fito da Gettysburg, wanda aka gina a kan gumurzun 1863 na yaƙin basasar Amurka. Nan ne sabon abu ya shigo: ga yaƙin da aka yi da gaske, ga sunayen rundunoni a kan 'yan guntayen kwali, kowanne da lambar ƙarfinsa da ta saurinsa, ga taswira da daga baya aka riƙa yanka ta gida-gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. An ba ka abin da janar ya samu a ranar, an ce to bismilla, yi abin da ya fi nasa.

Masu wannan sha'awa a warwatse suke, wani a gari guda shi kaɗai ne, don haka mujalla ta zama gindin bishiyarsu. Avalon Hill ya fara buga The General a 1964, wani sojan Amurka mai suna Christopher Wagner ya kafa Strategy & Tactics a 1967, daga baya Moves ta fito a 1972, Fire & Movement a 1976. Yawancin masu rubutu a cikinsu ba malaman tarihi ba ne. Akawu ne da ɗalibai da tsofaffin soja da malaman makaranta. Wani zai aiko da maƙala ya ce ya gano tsarin da ba a iya karyawa a wasa kaza, bayan fitowa biyu wani ya aiko da amsa ya wargaza masa tsarin gida bayan gida. Wani zai ce an ba runduna kaza ƙarfin da ba ta da shi a ranar, ya kawo hujja daga littattafan da ya tono a laburare. Akwai ma shafin neman abokin karawa, inda mutum zai sa adireshinsa, a riƙa wasa ta gidan waya ana wata da watanni.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na James Dunnigan. Matashi ne da ya riƙa caccakar kurakuran tarihi a wasannin Avalon Hill, har mutanen kamfanin suka ce masa tun da ka iya suka, zo ka yi naka mu gani. Ya kuwa yi, ya fito da Jutland a 1967, a kan yaƙin jiragen ruwa na 1916. A 1969 ya karɓi Strategy & Tactics, ya mai da ita mujallar da kowace fitowa ke ɗauke da cikakken wasa tare da doguwar maƙalar tarihi a kan yaƙin. A ciki kuma akwai kati da mai karatu zai cika, ya ba kowane wasa da kowace maƙala maki daga 1 zuwa 9, ya zaɓi yaƙin da yake so a yi nan gaba, a buga sakamakon kowa ya gani. Ina ma editocinmu za su iya jure irin wannan kati, amma wannan zance ne na wata rana.

Babbar gardamarsu, wadda ba su taɓa kashewa ba, ita ce tsakanin masu son gaskiyar tarihi da masu son wasa ya yi daɗi. Ɓangaren farko ya kai maƙura a 1979 da wani wasa na Richard Berg a kan yaƙin Arewacin Afirka na zamanin Hitila, wanda aka ƙiyasta mutum 10 za su shafe sa'o'i 1,500 kafin su gama. A cikin dokokinsa har da cewa sojan Italiya na bukatar ƙarin ruwa don dafa taliya. Berg ya faɗa daga baya cewa zolaya ce ya yi. Kamfanin da Dunnigan ya kafa ya durƙushe a 1982, The General kuma ta daina fita a 1998 da aka sayar da Avalon Hill. Afirkar da suka fi sani kuwa ita ce hamadar Rommel, da Zulu a 1879, da Omdurman a 1898, wato wuraren da Bature yake tsakiyar labari.

Ni dai dokar ruwan taliyar nan ba ta ba ni dariya sosai ba, domin duk wanda ya san ƙasar Kwargaba ya san cewa ruwa shi ne rabin tarihinta. Mu ɗauki irin tambayoyin waɗancan masu wasiƙu mu ɗora a kan namu yaƙe-yaƙe, mu ga abin da zai fito. A Tabkin Kwatto, Yunin 1804, dawakin jama'ar Shehu ba su wuce 20 ba, Yunfa kuwa ya zo da 'yan lifidi da Abzinawa. Marubucinmu zai ce aka gwabza, Allah Ya ba su nasara, ya wuce. Gaskiya ne, amma mai tsara wasa ba zai iya tsayawa nan ba, sai ya san inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsai da 'yan baka, da nisan da kibiya take kaiwa, da abin da doki mai lifidi yake iya yi a cikin kurmi da damina. Sannan dole ya bayyana yadda rundunar da ta yi nasara a Kwatto ta sha kashi a Tsuntsuwa kafin shekarar ta ƙare, inda Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200.

Shi kansa garin Wurno amsar wata tambaya ce ta irin wannan. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su ƙare ba, kuma kwarin Rima shi ne hanyarsu ta zuwa Sakkwato. Don haka Bello ya dasa ribaɗi kamar mai dasa 'ya'yan dara, Wurno a kan tudu tana kallon fadama, Raba da Gandi, Shinaka inda ɗansa Aliyu ya zauna, Lajinge can gaba. Shi da kansa ya tare a Wurno, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Gabas da waɗannan garuruwa ga Dajin Gundumi, wanda Heinrich Barth ya ratsa a 1853 cikin tafiyar sa'o'i 26 ba ruwa kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wanda bai sa wannan daji a lissafi ba, ba zai fahimci abin da ake nufi da fitar da runduna a 1836 zuwa Gawakuke ba, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, Ibra na Abzinawa ya tsere. Nana Asma'u ta yi wa wannan yaƙi waƙa da Fulatanci. Gobirawa kuma sun koma suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi, ke nan wasan bai tashi ba.

Haka nan ranar 15 ga Maris 1903 a Giginya. Kanar Morland ya zo da bindigogi masu ruwa guda 4, Sarkin Musulmi Attahiru yana tsakiya, Marafa Maiturare a gefe guda, Sarkin Raba Ibrahim, mahaifin Sardauna Ahmadu Bello, a ɗaya gefen. Ba a kai sa'o'i biyu ba. An yi ta muhawara a fada kafin ranar, a yi yaƙi ko a yi sulhu ko a yi hijira. Ɗan wasan Amurka zai tambaya, da an tsaya cikin ganuwa fa, ko da an far musu da dare a hanya? Ba lalle amsar ta canja ba, amma mai rubuta ƙagaggen labari a kan wannan rana da bai yi wa kansa waɗannan tambayoyi ba, sarakunan yaƙinsa za su fito kamar gumaka, ba mutanen da suka kwana suna auna zaɓi ba.

Sai dai akwai abin da ke riƙe mini hannu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutumin da ke tura guntun kwali a ɗakinsa a Baltimore bai san kowa a cikin waɗanda kwalin yake wakilta ba. Mu kuwa jikokin ɓangarorin biyu muna sallah a sahu ɗaya, muna aurar da juna. Waɗanda suka kwanta a Tsuntsuwa da Giginya shahidai ne a wurinmu, kuma bayan Gawakuke an kama mata da yara Gobirawa an bautar, abin da babu lambar da za a rubuta a kan kwali ta ɗauke shi. Bugu da ƙari, a wannan ƙasa yaƙi bai zama tarihi ba tukuna. A Yulin 2018 'yan bindiga sun afka wa Tabanni a gundumar Gandi, a Oktoban 2021 sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutane sama da 40, kuma sunan Gundumi ya dawo bakin mutane da tsoro irin na zamanin Barth. Ban ga fuskar da zan kai wa mutumin Gandi allo in ce zo mu yi wasan hari ba. Saboda haka ra'ayina shi ne mu ɗauki tambayoyin mu bar musu ɗan lidon, mu kuma ɗauki al'adarsu ta mai karatu ya rubuto wa mujalla ya ce marubuci ya yi kuskure a shafi kaza, ga hujjata.

Ko su kansu masu ƙididdigar akwai abin da zai kuɓuce musu. A Oktoban 1826 Hugh Clapperton ya bi rundunar Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka yi sansani bayan Alƙalawa. Ya ƙirga bindigogi 42 kacal a cikin dubban mayaƙa, ya ga 'yan lifidi sun taso wa ganuwa bindiga ɗaya tak ta cikin gari ta mai da su baya, aka wuni ba a ci garin ba, aka janye. Amma wadda ya ce ta fi kowa amfani a ranar wata tsohuwar baiwa ce Bazamfariya, a kan wani dogon doki, da malafa a kanta, ta rataya gorunan ruwa a sirdi, tana ratsa fagen tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa, shi ma Baturen ta ba shi ya sha. Bai rubuta sunanta ba.