Lokacin shuka, ƙwari da ciwon baya: tarihin lambunan haya na Birtaniya

A bayan unguwanni da gefen layukan dogo na biranen Birtaniya akwai wasu filaye da aka yanyanka ƙanana-ƙanana, kowane yanki da 'yar bukkarsa ta katako da duron tara ruwan sama. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan yanki allotment, ma'ana rabon da aka yanka wa mutum. Cikakken fuloti kimanin murabba'in mita 250 ne, kuma galibi ƙaramar hukuma ce ke ba da shi haya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Akwai wajen fuloti 300,000 a faɗin ƙasar. Masu noma su malaman makaranta ne da direbobin bas da ma'aikatan jinya da 'yan fansho, mutanen da ba da lambun suke ci ba. Idan suka haɗu a bakin famfo, hirarsu ba ta cika wuce abu uku ba: yaushe za a shuka, me ke cinye ganye, da kuma yadda baya da gwiwa suka kwana.

Baƙo zai ɗauka hirar tsofaffi ce ta kashe lokaci. Amma kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma amsoshinsu sun sha sauyawa. Doka ce ta ba talakan Ingila ƙasar, hukuma da rediyo suka koya masa yadda zai yi da ita, daga baya shi da maƙwabtansa suka gyara da yawa daga cikin abin da aka koya masu.

Lambun da yunwa ta haifa

Kafin zamanin masana'antu, ƙauyen Ingila yana da filayen al'umma inda talaka ke kiwon saniya ko dinya, ya yi itace, ya noma ɗan abin da zai kai bakin salati. Tsakanin 1604 da 1914 Majalisar Dokoki ta zartar da dokoki fiye da 5,200 na killace irin waɗannan filaye, waɗanda suka shafi kimanin eka miliyan 6.8. Aka kewaye su da shinge, suka koma mallakar manyan masu ƙasa. Wanda a da yake da makiyaya sai ya wayi gari ɗan ƙodago, ba shi da abin dogaro sai ladan yini.

A 1830 tura ta kai bango. Leburorin gona a kudancin Ingila suka tashi suna farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin ciyawa wuta. Gwamnati ta murƙushe boren, aka rataye mutum 19, aka yi wa kusan 500 korar kare zuwa Ostareliya. Sai dai tsoron da ya shiga zukatan masu ƙasa da limaman coci bai fita ba, kuma da yawansu suka fara yanka wa leburori 'yan filaye don su noma dankalin Turawa da kabeji. Kyautar tana tafe da sharuɗɗa. A wurare da dama an hana aiki a lambu ranar Lahadi, an wajabta zuwa coci, kuma wanda aka kama da maye ko sata yana iya rasa fulotinsa. Manyan manoma kuwa sun yi ta adawa da tsarin, don gudun kada lebura ya ƙarar da ƙarfinsa a nasa lambun ya zo gonarsu a gajiye.

Dokar killace filaye ta 1845 ta tanadi a riƙa ware wa marasa ƙasa 'yan lambuna, amma abin da aka ware bai kai ya kawo ba. Sai a 1908 aka samu dokar da har yau ita ce ginshiƙi a Ingila da Wales: ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da filayen lambu idan akwai masu buƙata, kuma mutum shida daga masu zaɓe ko masu biyan haraji sun isa su rubuta takardar nema. Dokar 1922 ta fayyace cewa lambun na noman kayan miya da 'ya'yan itace ne domin cin mai shi da iyalinsa. Ta 1925 kuma ta hana ƙaramar hukuma sayar da filin da aka saya don lambu sai da izinin minista.

Yaƙi, rediyo da kalandar shuka

Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka mayar da wannan abu na leburorin ƙauye al'adar birni. Birtaniya tsibiri ce mai dogaro da abincin da jiragen ruwa ke kawowa, jiragen Jamus na ƙarƙashin teku kuma suka dinga nutsar da su. Zuwa 1918 yawan fulotai ya kai wajen miliyan ɗaya da rabi, har kamfanonin jirgin ƙasa suka ba da gefen layukansu. A 1939 Ma'aikatar Gona ta ƙaddamar da gangamin da ya shahara da taken Dig for Victory, wato a tona ƙasa don a ci nasara. Aka nome filayen wasa da wuraren shaƙatawa, har da ramin da ya kewaye Hasumiyar Landan. Albasa ta yi irin ƙarancin da a wasu wurare aka riƙa sa ta a matsayin kyautar gasa. Zuwa 1943 akwai fulotai kimanin miliyan 1.4.

Matsalar ita ce yawancin sababbin manoman nan ba su taɓa riƙe shebur ba, ga shi noma a ƙasar sanyi lissafin kwanaki ne. Wanda ya dasa tumatir ko wake a waje kafin raɓar ƙanƙara ta ƙarshe, wadda kan iya faɗowa har cikin watan Mayu, zai iya tarar da shukarsa ta yi baƙi cikin dare ɗaya. Wanda kuma ya cika fulotinsa da latas da kayan lokacin zafi zai ci ya ƙoshi a Agusta, ya rasa abin tsinka a Maris da Afrilu, lokacin da kayan hunturu suka ƙare sababbi ba su nuna ba. Saboda haka ma'aikatar ta buga takardun wayar da kai masu nuna yadda za a raba fuloti gida uku, a riƙa juya amfanin duk shekara, a kuma ba kayan hunturu muhimmanci.

Muryar da ta kai wannan ilimi cikin gidaje ita ce ta Cecil Henry Middleton, ɗan wani mai kula da lambun gidan masu hali, wanda ke magana a rediyon BBC kowace Lahadi da rana har zuwa rasuwarsa a 1945. Miliyoyin mutane ne ke sauraronsa. Amma nasa shirin mutum ɗaya ne ke faɗa, saura suna ji. A watan Afrilun 1947 aka juya tsarin: BBC ta ɗauki masana, cikinsu har da Bill Sowerbutts da Fred Loads, ta kai su gaban wata ƙungiyar masu lambu a garin Ashton-under-Lyne kusa da Manchesta, masu lambun suka yi ta jefo tambayoyi. Shirin, wanda daga baya aka sa wa suna Gardeners' Question Time, yana nan har yau, kuma masanan sukan saɓa wa juna a bainar jama'a. Haka kuwa ya dace, domin ranar shukar da ta yi daidai a kudancin Ingila ta yi wuri a Skotlan. Ko tsohuwar al'adar shuka dankali ranar Juma'ar da ke gabanin bikin Ista ba ta da tabbas, tunda ranar kan matsa da makonni daga shekara zuwa shekara. Ana danganta ta da cewa ita ce ranar hutun da lebura ke samu a daidai lokacin.

Maƙiyan ganye

Mai lambun Birtaniya yana da manyan maƙiya biyu. Na farko cutar ruɓewar dankali da tumatir ce, wadda ta jefa Ailan cikin yunwar da ta faro a 1845, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira. A shekarun 1880 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Millardet, ya gano cewa haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa yana kare ganyen inabi, aka kuma yi amfani da shi a kan dankali. Daga baya masana suka koyi hango zuwan cutar daga yanayi. Ma'aunin da ake bi tun 2017 ya ce idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma laimar iska ta kai kashi 90 cikin ɗari na aƙalla awa shida kowace rana, to a shiga taitayi. Da zarar tabo ya bayyana a fuloti ɗaya labari kan zagaye filin, kowa ya hanzarta yanke ganyen dankalinsa kafin cutar ta gangara cikin ƙasa.

Na biyu shi ne dodon-koɗi da ɗan'uwansa marar kwanso, masu fitowa da dare a ƙasa mai laima su share layin latas kafin gari ya waye. A shekarun 1930 aka gano cewa metaldehyde, wani daskararren makamashi da matafiya ke hura ƙananan risho da shi, yana kashe su. Shekaru da dama 'yan ƙwayoyinsa shuɗɗa suka zama kayan aikin kowane mai lambu. Sannu a hankali illarsa ta bayyana: yana cutar da karnuka da tsuntsaye da bushiya, yana kuma gangarawa cikin kogunan da ake tace ruwan sha daga gare su. Daga watan Afrilun 2022 aka haramta amfani da shi a waje a Birtaniya. A shekarar kuma babbar ƙungiyar masu lambu ta ƙasar, RHS, ta sanar da cewa ta daina lissafa waɗannan halittu cikin ƙwari masu ɓarna, tana mai cewa daga cikin nau'o'i 44 na marasa kwanson, tara ne kawai ke cin shuke-shuken lambu, saura ruɓaɓɓen ganye suke ci.

Ba duk shawarar bakin famfo ce ta tsallake gwaji ba. A 2018 ƙungiyar ta gwada dabarun da aka daɗe ana yi wa juna wasiyya da su, kamar ɓawon ƙwai da tsakuwa da zagaye tukunya da jan ƙarfe, ta tarar latas ɗin da aka kare da su ya sha ci daidai da wanda aka bari haka nan. Abin da ya rage wa mutane shi ne fita da tocila da dare a tsince su, da renon shuka a tukunya har ta yi ƙwari kafin a dasa, da haƙa ɗan kududdufi don kwaɗi su zo su taya aiki.

Shebur da ƙashin baya

Koyarwar lokacin yaƙi ta ginu ne a kan haƙa. Ana son a juya ƙasar fuloti duk kaka, sabon fili kuwa a haƙa shi zurfin shebur biyu. Idan aka lissafa, juya cikakken fuloti zurfin shebur ɗaya kawai yana nufin ɗaga ƙasa fiye da tan 70. Saurayi zai iya. Amma bayan yaƙi, da aka kawo ƙarshen rabon abinci a 1954 kuma kantuna suka cika, samari suka watse. Kwamitin da Farfesa Harry Thorpe na Jami'ar Birmingham ya jagoranta ya ba da rahoto a 1969 cewa masu riƙe da fulotai galibi maza ne masu shekaru, kuma filaye da yawa sun zama saura. Ya ba da shawarar a daina kallonsu a matsayin agajin talaka, a mayar da su lambunan shaƙatawa na iyali.

Tun kafin nan wasu sun fara shakkar sheburin kansa. A 1946 F. C. King, shugaban masu lambu a gidan Levens Hall, ya wallafa ɗan littafi yana tambaya ko haƙa ƙasa ma dole ne. Hujjarsa ita ce a shimfiɗa takin gargajiya a saman ƙasa, a bar tana ta ja shi ciki. An daɗe ana yi wa wannan ra'ayi kallon lalaci. Daga shekarun 1980 Charles Dowding ya ɗauke shi a yankin Somerset, daga baya ya shafe shekaru yana auna amfanin fangalin da aka haƙa da wanda ba a haƙa ba kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda ba a haƙa ba bai gaza ba. Ciyawa ma ta fi ƙaranci a cikinsa, domin haƙa ce ke fito da irinta sama. A ɓangare guda, ƙungiyar da Chris Underhill ya kafa a 1978, wadda yanzu ake kira Thrive, ta duƙufa kan yadda naƙasassu da tsofaffi da masu ciwon gaɓɓai za su ci gaba da lambu: fangali mai tudu da ake aiki a kansa a tsaye ko a zaune, kayan aiki masu dogon ƙota, matashin durƙuso, da yin aiki kaɗan-kaɗan ana hutawa. Ƙananan hukumomi da yawa kuma suka koma raba fuloti biyu, abin da ya rage wa jiki wahala ya kuma rage layin jira.

Filin da ke ƙanƙancewa

Masu lambun yau sun bambanta da na zamanin Thorpe. Mata sun yi yawa, haka ma iyalai masu ƙananan yara. A Birmingham da Landan, mutanen da asalinsu yankin Karibiyan ne ko Kudancin Asiya ko Afirka suna noma alayyafo da kabewa da barkono, suna musayar iri da maƙwabta. A lokacin kullen korona na 2020 an bar mutane su je fulotansu a matsayin motsa jiki, masu nema kuma suka ƙaru, har a wasu unguwannin Landan sai mutum ya yi shekaru yana jira.

Ƙasar kuwa raguwa ta yi. Masu bincike a Jami'ar Sheffield sun wallafa a 2020 cewa a biranen da suka duba, filayen lambu sun ragu da kashi 65 cikin ɗari daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce zuwa 2016, kuma unguwannin da suka fi talauci sun yi asarar da ta ninka ta unguwannin masu hali sau takwas. Ke nan zuriyar mutanen da aka ƙirƙiro tsarin dominsu su ne suka fi rasa shi. Dokar 1908 tana nan, mutum shida suna da ikon rubuta wa ƙaramar hukumarsu su nemi fili. Sai dai dokar ba ta yanka wa hukumar wa'adin da za ta samar da shi ba.